Ƙidayar Jummai da Ɗanjuma a Unguwarmu

Kakata ta daɗe tana cewa haihuwar Juma'a ta fi ta kowace rana yawa. Ita kanta haihuwar Juma'a ce, kuma duk sa'ad da aka rangaɗa guɗa a maƙwabta ranar Juma'a sai ta ɗago kai daga tsintar shinkafarta ta ce, "Kun gani ko? Babbar rana ba ta wucewa hannu rabbana." Tun ina 'yar ƙarama nake jin wannan magana a gidanmu na Argungu, kuma bai taɓa zuwa mini a rai cewa ana iya gwada ta ba, sai a shekarata ta farko a makaranta a Birnin Kebbi, da muka iso kan gwajin kai-sikwaya a darasin ƙididdiga.

Ranar da malaminmu ya rubuta χ² a allo, rabin aji "ekis" muka karanta. Ya ce harafin Girkanci ne, sunansa "kai", kuma wani Bature ɗan Ingila mai suna Karl Pearson ne ya fito da gwajin a shekarar 1900. Abokin aikinsa Weldon ya taɓa jefa ƙwayoyin lido goma sha biyu har sau 26,306 yana rubuta abin da ya fito, Pearson kuwa ya ɗora sabon gwajinsa a kan wannan ƙidaya, ya nuna cewa biyar da shida suna fitowa fiye da yadda sa'a kaɗai za ta kawo. Abin da gwajin yake yi ke nan. Kana da abin da ka ƙirga da idonka, kana da abin da ya kamata ka gani idan wani zato gaskiya ne, sai ka auna tazarar da ke tsakaninsu, ka tambaya: wannan tazara, irin wadda dace kan kawo ce, ko kuwa ta yi girman da dole a tuhumi zaton?

Misalin da ya yi mana a allo na waken Mendel ne, wani masani da ya yi binciken gadon halitta a kan tsiro. Ƙwaya 556, an kasa su gida huɗu bisa launi da siffa: 315, da 108, da 101, da 32. Ka'idar Mendel ta ce rabon zai zama 9 da 3 da 3 da 1, wato ana tsammanin 312.75, da 104.25 sau biyu, da 34.75. Aka buga lissafi, ya ba da 0.47, alhali lambar iyaka a jadawalin gwajin, wadda sai an haye ta ake tuhumar zato, 7.815 ce. Ƙidaya ta dace da zato. Na kwafe komai tsaf a littafina, amma a gaskiya a ranar hannuna ne ya gane, kaina bai gane ba. Da zai fita ya ce kowa ya je hutu ya ƙirgo wani abu da kansa, ba daga littafi ba, ba daga intanet ba, ya yi masa gwajin ya kawo. Kafin motarmu ta fita daga Birnin Kebbi na riga na san abin da zan ƙirga.

Dabarar da ta zo mini mai sauƙi ce, har na yi ta murna da ita. Mu Hausawa ranar haihuwa tana manne a jikin sunanmu. Ɗanladi da Ladi na Lahadi ne, Altine da Tani da Ɗanliti na Litinin, Talatu da Ɗantala na Talata, Balarabe da Larai na Laraba, Lami da Ɗanlami na Alhamis, Jummai da Ɗanjuma na Juma'a, Asabe da Ɗan'asabe na Asabar. Me zai kai ni neman takardar haihuwa tunda ga suna? Na ja layi bakwai a takarda, na fara da gidanmu, na bi dangi, na bi gida-gida a unguwa. Lokacin hunturu ne, an gama girbi, kusan duk gidan da na shiga mata na shanyar shinkafar da suka turara a tsakar gida, sai in durƙusa gefen tabarma mu gaisa, in ce, "Inna, a gidan nan wa da wa ake kira da sunan rana?" Wasu su yi dariya, wasu su tambaya ko rabon tallafi ne. Tun kafin in fara na yanke cewa a mutum 140 zan tsaya, don rabon ya fita daidai. Kwana huɗu na yi.

Ga abin da ya taru: Lahadi 24, Litinin 14, Talata 19, Laraba 21, Alhamis 17, Juma'a 33, Asabar 12.

Da na karanta wa Kaka, ko mamaki ba ta yi ba. "Sai da kika sha yawo cikin ƙura kana kika san wanga?" Amma ni an koya mini cewa ganin 33 ya fi 12 bai isa ba. Ko kwabo ka jefa sau goma ba lalle ne ya ba ka biyar da biyar ba. Dole a fara da zaton da ake kira na babu-bambanci: a ɗauka duk ranakun bakwai ɗaya suke, kowace tana da kashi ɗaya cikin bakwai. In haka ne, mutum 140 a raba bakwai, kowace rana ta tashi da 20. Wannan shi ne abin da ake tsammani. Sai na duba sharaɗin da aka ja mana kunne a kai, cewa kada abin da ake tsammani a kowane gurbi ya gaza biyar. Ashirin ta wuce nan nesa.

A nan ne na yi kuskuren da ya kusa juya mini aikin gaba ɗaya. Saboda son aikin ya yi kyan gani, na mayar da ƙidayar zuwa kashi cikin ɗari. Juma'a ta zama 23.6, Asabar 8.6, abin tsammani kuma 14.3 ga kowace. Na buga lissafin da waɗannan, ya ba ni wajen 10.6. Na duba jadawalin da muka yi fotokwafinsa, iyaka 12.592. Lambata ba ta kai ba. Na rubuta da jan biro cewa babu hujjar bambanci, na kwanta ina jin wani iri, don idona yana ganin tulin Jummai amma lissafi ya ce ba komai.

Da asuba bayan salla na sake buɗe misalin Mendel, sai na lura ba a taɓa mayar da wakensa kashi cikin ɗari ba. Ƙwaya ake ƙirgawa, ƙwaya ake lissafawa. Na zauna ina juya dalilin har ya zauna mini. Wanda ya mayar da ƙidaya kashi cikin ɗari, ya gaya wa gwajin cewa mutum ɗari cif ya ƙirga. Ni kuwa 140 na ƙirga, na zubar da shaidar mutum arba'in da hannuna. Da mutum 14 na tambaya ko 1,400, kason zai iya fitowa iri ɗaya, amma nauyin shaidar ba ɗaya ba ne, kuma wannan nauyin shi ne abin da gwajin yake aunawa. Har yau idan na ga wani ya sa kashi cikin ɗari a wannan gwaji sai gabana ya faɗi, domin kalkuleta ba za ta yi maka gardama ba, lamba za ta ba ka mai kyan gani.

Na sake daga farko, a hankali, da ainihin ƙidaya. Ga kowace rana, a cire abin tsammani daga abin da aka gani, a ninka sakamakon da kansa, a raba da abin tsammani. Lahadi: 24 a cire 20 saura 4, huɗu sau huɗu 16, a raba da 20, ya ba da 0.8. Litinin ta gaza da 6, ya zama 36, a raba da 20, 1.8. Talata da Laraba kowace da ɗaya ta kauce, 0.05 kowace. Alhamis 0.45. Juma'a ta zarce da 13, sha uku sau sha uku 169, a raba da 20, 8.45. Asabar ta gaza da 8, ya ba da 3.2. Jimla 14.8.

Matakai biyun nan na tsakiya sun daɗe suna damuna, don haka bari in faɗi yadda na fahimce su. Idan ka tara bambance-bambancen yadda suke, na sama da na ƙasa za su cinye juna, kullum sifili za ka samu. Na gwada: 4, da 1, da 13 a sama, 18 ke nan, 6, da 1, da 3, da 8 a ƙasa, su ma 18. Ninka lamba da kanta yana kashe wannan matsala, kuma yana sa babbar kaucewa ta yi ƙara fiye da ƙanana. Rabawa da abin tsammani kuwa adalci ne. Mai awon shinkafa da ya rasa mudu biyar a cikin buhu ɗari ba zai ko lura ba, amma wanda ya rasa mudu biyar a cikin mudu goma ya ga asara. Kaucewa ba ta da ma'ana sai an san daga nawa aka kauce.

Sai layin da za a duba a jadawali. Hannuna ya fara zuwa layi na bakwai, tunda ranaku bakwai ne, sai na tuna ana rage ɗaya. Dalilin ma a takardata yake. Idan na san jimla 140 ce, na kuma san adadin ranaku shida, ta bakwai ba ta da zaɓi, abin da ya rage shi ne nata. Gurabe shida ne ke da 'yancin motsi. Wannan ƙidayar gurabe ba ƙaramin abu ba ce, don Pearson da kansa ya yi tuntuɓe a kanta a wasu nau'o'in gwajin, sai a 1922 wani masanin ƙididdiga mai suna R. A. Fisher ya gyara, abin da ya haddasa doguwar rashin jituwa a tsakaninsu. Layi na shida, ƙarƙashin 0.05, wato iyakar da dace kaɗai ke hayewa sau biyar cikin ɗari, aka rubuta 12.592. Tawa 14.8 ce. Ta haye.

Na duba ƙarƙashin 0.01 kuma, 16.812, ba ta kai nan ba. Da muka koma makaranta wata ƙawata ta sa lambobin a Excel a kwamfutarta, ƙimar p ta fito kusan 0.022. Ma'anarta, da a ce ranakun nan bakwai daidai suke, a cikin ƙidaya ɗari irin tawa kusan sau biyu kacal za a ga kaucewa mai girman wannan ko fiye. Na rubuta a ƙarshen aikina, har da ja masa layi biyu: an tabbatar an fi haihuwa ranar Juma'a.

Malaminmu yana karɓar aiki ne a ofishinsa, mutum ɗaya-ɗaya. Ya bi lissafina da bakin biro layi-layi yana gyaɗa kai. Da ya iso jimlar ƙarshe sai ya ajiye biron.

"Malama, lissafinki babu aibu. Amma me kika ƙirga?"

"Ranakun haihuwa, Malam."

"Kin ga haihuwar ko ɗaya daga cikinsu?"

Na yi shiru.

"Suna kika ƙirga. Je ki yi tunani a kan tazarar da ke tsakanin suna da haihuwa, ki dawo mako mai zuwa. Sannan wannan kalma, 'an tabbatar', ki cire ta. Kuma gwajin nan cewa ya yi rabon bai yi daidai ba. Bai ambaci Juma'a ba, ke kika ambace ta."

Maganarsa ta ƙarshe ita na fara warwarewa, don ta fi sauƙi. Lambar 14.8 ta ranakun bakwai ce a haɗe. Abin da ya nuna Juma'a shi ne gudummawarta, 8.45, fiye da rabin jimlar, sai Asabar mai 3.2 ta ɓangaren ƙaranci. Wannan ana iya faɗinsa a matsayin inda kaucewar ta fi taruwa. Amma ta farkon, ta suna da haihuwa, ita ta hana ni barci, domin da na fara tunani sai ramuka suka yi ta buɗewa a ƙarƙashin aikin da nake alfahari da shi.

Ba kowa ake kira da sunan rana ba. Sunan yanka daban, laƙabi daban, kuma laƙabin rana yakan kama mutum ne idan an ga dama, ko idan sunan yankansa na wani babba ne da ake jin nauyin faɗa. Ni kaina haihuwar Asabar ce, ba a taɓa ce mini Asabe ba, don haka ban shiga ƙidayata ba. Uwar da ta haihu ranar Juma'a kuwa tana da dalilin son a tuna. Ga kuma masu sunan gado: na tuna wani Bala da na sa a layin Laraba, alhali sunan ƙanen kakansa ya ci, ba wanda ya san ranar da aka haife shi. Na tuna gida ɗaya da na samu Lami uku, biyu takwarorin ta farkon ne. Gwajin yana so kowane mutum ya faɗa gurbinsa ba tare da wani ya ja shi ba, su kuwa waɗannan igiya ɗaya ta ɗaure su. Ashe abin da na gano na gaske ne, amma amsar wata tambaya ce daban: a cikin masu sunan rana a unguwarmu, sunayen ba su rabu daidai ba. Wannan magana ce a kan abin da iyaye suke so, ba a kan ranar da naƙuda take zuwa ba.

Ƙarshen mako na koma Argungu da wata dabara. Kusan kowace mai goyo tana da katin rigakafin ɗanta, kuma a jikinsa akwai kwanan watan haihuwa. Na sake bin gidajen nan, wannan karon da roƙo. Ba na manta wata baiwar Allah da ta jawo wata tsohuwar fanteka daga ƙarƙashin gado, ta buɗe leda cikin leda, ta zaro kati huɗu da suka yi laushi don tsufa, ɗaya har manja ya taɓa gefensa, ta miƙo mini da hannu biyu kamar takardar gona. Ban rubuta sunan kowa ba. Kwanan wata kawai nake ɗauka, in buɗe kalandar waya in koma baya in ga ranar da ya faɗa, in ja ɗan layi a gurbinta, in mayar da kati. Wasu iyayen da suka haihu a gida sun ce ranar suna suka faɗa wa ma'aikaciyar asibiti. Da farko na ɗauka wannan ya ɓata katin, sai na tuna ai suna ranar haihuwa ce ta zagayo, wanda aka haifa Talata, Talata ake raɗa masa suna. Kwanan wata ya kauce da mako guda, rana kuwa tana nan.

Na samu kati 157. Uku daga ciki na cire, domin akwai tagwaye gida uku, kuma Hassan da Husaini haihuwa ɗaya ce, ba biyu ba. Saura 154, a raba bakwai, 22 ga kowace rana. Ƙidaya ta ba da Lahadi 17, Litinin 27, Talata 24, Laraba 18, Alhamis 26, Juma'a 23, Asabar 19. Wannan karon lissafin bai ɗauke ni minti goma ba. Kaucewar da aka ninka: 25, 25, 4, 16, 16, 1, 9, jimla 96, a raba da 22, ya ba da 4.36. Ko kusa da 12.592 bai je ba. Ƙimar p wajen 0.63. Juma'a, da duk tulin Jummai ɗinta, da ɗaya tak ta wuce abin tsammani.

Jimlar ƙarshe ita ta fi cin lokaci. Hannuna yana ƙaiƙayin rubuta cewa haihuwa daidai take a duk ranaku, amma wannan ma wuce gona da iri ne. Yara 154 na unguwa ɗaya, kuma waɗanda aka kai rigakafi kaɗai, ba za su iya bankaɗo ƙaramin bambanci ba ko da yana nan. A ƙasashe irin su Amurka da Ingila an san haihuwa tana raguwa ranakun Asabar da Lahadi, saboda likitoci kan tsara tiyatar haihuwa da tayar da naƙuda a ranakun aiki. A tawa ƙidayar ma Asabar da Lahadi suna ƙasa-ƙasa, kuma na ji kwaɗayin in ce ga shi nan, amma 17 da 19 a inda ake tsammanin 22 abu ne da dace yake kawowa kullum. Abin da na rubuta shi ne: a wannan ƙidaya ba a samu hujjar da za ta sa a yi watsi da zaton cewa haihuwa tana rabuwa daidai a ranakun mako ba. Na haɗa gwaje-gwajen biyu a aiki ɗaya, na sunaye da na katuna, har da shafin kuskuren kashi cikin ɗari, ban yage shi ba. Malam ya karanta, ya sa hannu, ya ce in tsaya gaban aji in yi bayanin dalilin da ya sa amsoshin biyu suka saɓa alhali lissafin duka daidai ne.

Wadda ta rage ita ce Kaka. Na same ta bayan la'asar tana jan carbi a bakin ɗakinta, na zauna na yi mata bayani dalla-dalla, da Hausa, ba boko. Ta saurara har na gama.

"Ke ɗiyar ga, wagga takarda ta asibiti, yaushe Juma'arta ka farawa?"

"Sha biyun dare, Kaka."

"To ni tawa da magariba ta Alhamis take kamawa. Wanda aka haifa bayan isha'i daren Juma'a, mi takardarku ta ce da shi?"

"Alhamis."

Ta ci gaba da jan carbinta.

Ban da amsar da zan ba ta, domin ta yi gaskiya. Juma'ar da take nufi daga faɗuwar rana zuwa faɗuwar rana ce, ni kuwa Juma'ar kalanda na gwada. Abin tsammani ba zai canja ba, kowace rana kashi ɗaya cikin bakwai ce ko daga ina aka fara yanka ta, amma duk yaron da aka haifa tsakanin magariba da sha biyun dare zai tashi daga gurbinsa ya koma na gaba, kuma ban san yadda 26 ɗin Alhamis da 23 ɗin Juma'a za su kasance ba bayan wannan ƙaura. Kati ba ya ɗauke da lokaci. Uwa ce kaɗai ta sani, kuma uwa ba ta mantawa ko ana kiran salla ne, ko an gama tuwon dare, ko zakara ya yi cara.

Washegari na ja sabon layi bakwai a takarda, na ƙara gurbi ɗaya a gefe na rubuta "kafin magariba ko bayanta", na ɗauki mayafina. Gidan mai fantekar nan na fara yi wa sallama.